Magungunan daidaita bugun zuciya

Magungunan daidaita bugun zuciya rukuni ne na magunguna da ake ba masu fama da rikicewar bugun zuciya, wato bugawa da sauri fiye da kima ko ba bisa tsari ba. Suna aiki ne a kan saƙon lantarki da ke sa tsokar zuciya ta matse. Tasirinsu yakan bambanta tsakanin lokacin hutu da lokacin motsa jiki, don haka gwajin ECG da aka yi wa majiyyaci yana kwance ba ya nuna dukkan aikinsu.

Rabe-rabe

A shekarar 1970 Miles Vaughan Williams na Jami'ar Oxford ya gabatar da tsarin kasa su, wanda daga baya ya kai aji huɗu. Aji na ɗaya yana toshe hanyoyin sodiyam, kamar flecainide. Na biyu yana rage tasirin adrenalin, kamar propranolol da atenolol. Na uku yana toshe hanyoyin potasiyam, kamar amiodarone da sotalol. Na huɗu kuma yana toshe hanyoyin kalsiyam, kamar verapamil. Digoxin ba ya cikin waɗannan azuzuwa.

Lokacin hutu

Zuciyar baligi tana bugawa sau 60 zuwa 100 a minti idan yana hutawa. A wannan hali digoxin yana rage saurin bugun sosai, domin yana ƙarfafa jijiyar vagus mai sassauta zuciya. Shi kuwa sotalol ya fi tsawaita lokacin farfaɗowar zuciya idan bugun yana tafiya a hankali, abin da kan iya haddasa wata rikicewar mai haɗari.

Lokacin motsa jiki

Idan mutum ya fara gudu ko aikin ƙarfi, adrenalin yana ƙaruwa, tasirin vagus kuma yana raguwa, sai aikin digoxin ya yi rauni. Magungunan aji na biyu suna hana bugun hawa sosai, amma sukan sa saurin gajiya. Flecainide kuwa ƙarfinsa ƙaruwa yake yi idan zuciya ta yi sauri, yana jinkirta tafiyar saƙon lantarki. Shi ya sa likitoci kan gwada wasu masu shan sa a kan injin tafiya.

Haɗari

A 1989 binciken CAST a Amurka ya nuna cewa flecainide da encainide sun ƙara yawan mace-mace a tsakanin waɗanda suka taɓa samun bugun zuciya na toshewar jijiya. Tun daga nan ake guje wa ba irin waɗannan majiyyata flecainide.