Soyayyar Ɗalibai a Mararraba: Waiwaye Kan Tarihinta a Ƙasar Hausa

A al'adar Bahaushe ta dauri, saurayi da budurwa kan haɗu ne a dandali ko kasuwa ko wurin biki, sa'an nan a yi zance a zaure ko ƙofar gida, bisa sanin iyaye. Soyayyar da ke ƙulluwa tsakanin ɗalibi da ɗaliba, nesa da idon dangi, baƙuwar aba ce wadda ilmin boko ya zo da ita, ba kuma tun farkonsa ba.

Kwalejin Katsina, wadda aka buɗe a 1922, ta maza ce zalla, haka kuma ta zauna bayan an mayar da ita Kaduna a 1938, da Zariya a 1949. Makarantun 'yan mata na farko da aka buɗe a Kano da Katsina a 1930 su ma a keɓe suke. Saboda haka ɗan kwaleji na wancan zamani sai ya zo hutu yake zance, galibi kuma da yarinyar da ba ta taɓa shiga aji ba.

Al'amarin ya sake ne bayan kafa Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, da bunƙasar Kwalejin Abdullahi Bayero ta Kano, wadda ta zama jami'a a 1977. A nan ne ɗan Sakkwato da 'yar Katsina suka zauna ɗakin lacca ɗaya, suka yi aron littafi da musayar wasiƙa, har harabar masaukin ɗalibai mata, irin su Amina Hall a Samaru, ta maye gurbin zaure. Sabon abu a nan shi ne, su biyun suka zaɓi juna tun kafin magabata su san da magana.

To, amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Da zarar an gama jarrabawar ƙarshe, sai masoyan su tsinci kansu a mararraba. Ita budurwa, sau da yawa akwai ɗan'uwa da aka yi mata alkawari da shi tun tana ƙarama, ga kuma surutun unguwa cewa ta daɗe ba aure. Shi kuwa saurayi bai da albashi, balle kayan lefe. Daɗin daɗawa, a 1973 gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta kafa shirin yi wa ƙasa hidima, wanda kan jefa ɗaya Kalaba, ɗaya Ibadan, har tsawon shekara guda, ba abin da ya haɗa su sai akwatin gidan waya. Wasu sukan gaggauta ɗaurin aure, wasu kuwa sai dai labarin bikin ya iske su a wasiƙa.

Nauyin wannan zaɓi bai taɓa zama daidai ba. Namiji in ya rasa masoyiya, digirinsa na nan. Mace kuwa takan zaɓa ne tsakanin soyayya da biyayya ga iyaye da ci gaba da karatu, da wuya ta tsira da duka ukun. Adabi bai yi shiru a kan wannan ba. So Aljannar Duniya na Hafsatu Abdulwahid, wanda ya fito a 1980, ya ɗora labarinsa kan 'yancin budurwa na zaɓen miji. Wa Zai Auri Jahila? na Balaraba Ramat Yakubu, a 1990, ya juyo da tambayar: an cire yarinya daga makaranta, sa'an nan ɗan bokon da ake sa ran ya aure ta ya ƙi ta don ba ta yi karatu ba.

Waɗanda suka yi jami'a a waɗannan shekaru sukan tuna da soyayyar lokacin cikin bege, kamar wani mafarki mai daɗi. Sai dai tarihinta ya fi begen nauyi, domin a wannan mararraba ce 'ya mace Bahaushiya ta fara neman a ji ta bakinta a kan aurenta da karatunta baki ɗaya.