Ƙwayoyin da Aka Raina a Ƙwaƙwalwa da Labarin Ciwon Damuwa

Idan ka taso daga Madobi ka bi ta gonakin rani na Kura da Bunkure, tumatir da shinkafa za su fara ɗaukar idonka. Da wuya ka kula da magudanan da ke kawo ruwa daga dam ɗin Tiga. Amma bari magudana ta toshe, ka ga yadda shuka za ta yi yaushi. Kusan irin wannan kallon masana suka yi wa ƙwaƙwalwa fiye da shekara ɗari.

A 1856 wani likitan Jamus, Rudolf Virchow, ya raɗa wa wani ɓangare na ƙwaƙwalwa suna "gliya", daga kalmar Girkanci mai nufin gam. A ganinsa aikin gliya kawai ta riƙe ƙwayoyin jijiya wuri guda. Saboda haka duk hankali ya koma kan ƙwayoyin jijiya, masu aika saƙo. Daga baya ne aka gane cewa wani nau'in gliya mai siffar tauraro yana manne da hanyoyin jini, yana ciyar da ƙwayoyin jijiya, yana kuma kwashe rarar sinadarin gulutamet bayan an aika saƙo. Wato su ne magudanan gonar.

To ina ruwansu da ciwon damuwa? A 1998 Dost Öngür da abokan aikinsa a Amurka sun ƙirga ƙwayoyin wani sashe na gaban ƙwaƙwalwar mamatan da suka yi fama da ciwon. Ƙwayoyin jijiya ba su ragu ba, gliya ce ta ragu, musamman a waɗanda ciwon ke cikin danginsu. A 1999 Grazyna Rajkowska ta ga raguwar gliya a wasu sassan na gaban ƙwaƙwalwa.

Sai tambaya ta taso: raguwar ce ke kawo ciwon, ko ciwon ne ke kawo ta? A 2008, a Jami'ar Yale, Mounira Banasr da Ronald Duman sun lalata gliyar gaban ƙwaƙwalwar ɓeraye, sai ɓerayen suka rage sha'awar ruwan sukari, abin da a da suke rububinsa.

Don haka idan ɗan'uwanka ya daina jin daɗin abinci, noma da hira, kada ka ce masa rago. Ciwon yana da tushe a jiki, kuma ana maganinsa. Ka raka shi ya ga likita, ko a asibitin Dawanau ko a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano.