Kuɗin da Ba a San Asalinsa Ba: Nazarin Sashe na 68 da na 115BBE na Dokar Harajin Kuɗin Shiga ta Indiya

Tsakure

Wannan maƙala ta yi nazarin yadda Dokar Harajin Kuɗin Shiga ta Indiya ta 1961 ta ɗora haraji a kan kuɗin da mai shi ya kasa bayyana asalinsa. An bi diddigin sassan dokar da gyare-gyaren 2012 da 2016 da 2022, tare da hukunce-hukunce huɗu na Kotun Ƙoli. Binciken ya gano cewa tun da harajin ya haura zuwa kashi 60 cikin ɗari, ya koma horo, don haka wajibi ne rashin gamsuwar jami'in haraji ya ginu a kan bincike.

Muhimman kalmomi: haraji, ɓoyayyen kuɗin shiga, nauyin kawo hujja, Indiya.

1.0 Gabatarwa

A al'ada, hukumar da ke neman haraji ita ce ke tabbatar da cewa mutum ya samu kuɗin shiga. Sashe na 68 ya juya wannan ƙa'ida. Idan aka ga an shigar da wani kuɗi a littafin lissafin mutum, ya kuwa kasa faɗin inda ya fito, ko ya faɗa amma jami'in tantance haraji bai gamsu ba, ana iya ɗaukar kuɗin a matsayin abin da ya samu a wannan shekara. Tambayar da maƙalar ke son amsawa ita ce: me ke kare mai gaskiya daga wannan iko?

2.0 Tsarin Doka

Sashe na 68 yana da 'yan'uwa biyar. Na 69 ya shafi jarin da ba a rubuta ba, 69A tsabar kuɗi da zinariya da kayan ado, 69B jarin da aka rage adadinsa, 69C kashe kuɗin da ba a san tushensa ba, sai 69D da ya shafi rancen hundi, wato takardar amana da fataken Indiya suka daɗe suna mu'amala da ita.

Kotuna sun tsayar da abubuwa uku da mai biyan haraji zai tabbatar: wane ne ya ba shi kuɗin, ko yana da ƙarfin bayarwa, kuma ko hulɗar ta gaskiya ce. A 2012 aka ƙara sharaɗi ga kamfanonin da hannun jarinsu ke hannun mutane ƙalilan, cewa shi ma mai zuba jarin sai ya bayyana inda ya samo nasa. A 2022 aka faɗaɗa sharaɗin ya haɗa da rance.

3.0 Matsayin Kotun Ƙoli

A shari'ar Kale Khan Mohammad Hanif ta 1963, kotu ta tabbatar da cewa nauyin bayyana asalin kuɗi yana wuyan wanda ya karɓe shi.

Shari'ar Sumati Dayal ta 1995 ta nuna cewa takarda kaɗai ba ta wadatarwa. Matar ta ce kuɗinta na cin cacar sukuwar dawaki ne a Madaras da Bangalor da Haidarabad, kuma ta kawo shaidar biya. Da aka duba littafinta, babu inda ta cire kuɗin sayen tikiti a ranakun sukuwa, babu kuma asara ko ɗaya, sai ci bayan ci. Da aka fara karɓar haraji a kan irin wannan ci a 1972, sai ta daina zuwa filin. Kotu ta auna lamarin da abin da hankali zai ɗauka, ta amince cewa tikitin waɗanda suka ci take saye don wanke ɓoyayyen kuɗi.

A shari'ar NRA Iron and Steel ta 2019, kamfani ya karɓi rupi miliyan 176 daga wasu kamfanoni na Mumbai da Kolkata da Guwahati, inda aka sayi hannun jarin rupi 10 da ƙarin rupi 190. Kuɗin ta banki suka bi. Amma jami'in ya sa an je har adireshin, aka tarar wasunsu babu su, wasu kuma abin da suke samu bai taka kara ya karya ba. Kotu ta goyi bayan hukuma.

Shari'ar P. K. Noorjahan kuwa ta ja wa hukuma linzami. Matashiya ce mai kimanin shekara 20 da aka sayi filaye da sunanta a jihar Kerala. Bayaninta bai gamsar ba, amma a fili yake cewa ba ta da hanyar samun wannan kuɗi da kanta. Kotu ta ce lafazin sashe na 69 zaɓi ya ba jami'i, bai tilasta masa ba.

4.0 Nauyin Harajin

An kafa sashe na 115BBE, wanda ya ƙayyade harajin irin wannan kuɗi, a 2012 da kashi 30 cikin ɗari. Bayan soke takardun rupi 500 da 1,000 a ranar 8 ga Nuwamba 2016, majalisa ta ninka shi zuwa kashi 60. Ba a cire ɗawainiya, ba a kuma rage asara daga ciki.

A ɗauki misalin mai shagon yadi da ya karɓi rancen rupi miliyan 1 daga surukinsa manomi, babu rubutu. In jami'i bai gamsu ba, bisa waccan ƙima ta kashi 60, harajin rupi 600,000 ne. Ƙarin kashi 25 na harajin ya kawo 150,000, harajin lafiya da ilimi na kashi 4 ya kawo 30,000. Jimilla 780,000. In bai sa kuɗin a takardar bayanin harajinsa ba, tarar sashe na 271AAC za ta ƙara 60,000. Ya biya 840,000, ga bashin surukinsa nan a wuyansa.

5.0 Tattaunawa

Babu shakka ana bukatar waɗannan sassa, domin kamfanonin bogi sun ƙware wajen shirya takardu. Matsalar ita ce mai wanke kuɗi yakan fi kowa cikar takarda, ƙaramin ɗan kasuwa mai hulɗar baki da baki kuwa shi ne ke rasa ta. In aka tsaya ga takarda, sai a saki ɓarawo a kama mai tsaron gida. Abin da ya ba hukuma nasara a shari'o'in 1995 da 2019 shi ne bincike na zahiri: duba littafi da zuwa adireshi. Wannan shi ne ma'aunin da ya kamata ya hau kan kowane jami'i.

6.0 Kammalawa

Maƙalar ta ba da shawarwari uku. Jami'i ya rubuta dalilin rashin gamsuwarsa da binciken da ya gudanar. A ba mai biyan haraji damar yi wa shaidun hukuma tambayoyi. A kuma bambanta wanda ya ɓoye da gangan da wanda ya rasa takarda. Harajin da ya kai kusan kashi huɗu cikin biyar na kuɗin da ake tuhuma ya cancanci hujjar da ta kai nauyinsa.