Tarihin Rediyon Aljihu da Mu Mazauna Kudu



Kafin rediyo ya shiga aljihu, a jikin bango yake. A shekarun 1930 Turawan mulki suka kafa wani tsari a Legas: ofishi ɗaya ke kamo shirye-shiryen BBC daga Landan, sai a tura su ta waya zuwa akwatunan da aka kafe a gidajen waɗanda suka biya kuɗin haya. Kano ta samu nata a 1944. Akwatin nan ba a murɗa masa tasha, abin da aka turo shi za ka ji, iyakarka ka ƙara murya ko ka rage. Wanda ba shi da halin haya sai ya tafi inda aka rataye lasifika don jama'a. Akwai rediyo mai kamo tasha da kansa, amma kaya ne guda, cikinsa fitilun gilashi ne da sai sun yi zafi kafin magana ta fito. Saboda haka kakanninmu da ke fataucin shanu da goro tsakanin Arewa da Sabon Badun, unguwar da aka yanka wa Hausawa tun 1916, labarin gida sai dai daga bakin wanda ya sauko daga jirgin ƙasa, ko wasiƙar ajami da aka ba wani ya kawo.

Abin da ya sauya lamarin wani ɗan mitsitsin abu ne, taransisto, wanda aka ƙirƙiro a Amurka a 1947. Yana yin aikin fitilar gilashi ba tare da zafi ba, kuma ba ya cin wuta sosai. A ƙarshen 1954 aka fara sayar da rediyon aljihu na farko, Regency TR-1, a kan dala 49.95, kuɗi mai yawa a wancan zamani. Japanawa ne suka mayar da shi kayan kowa. A 1957 kamfanin Sony ya fitar da TR-63, har ana ba da labarin cewa ya ɗan fi aljihun riga girma, sai aka ɗinka wa masu tallarsa riguna masu faɗin aljihu don kada tallar ta zama ƙarya. Mu da aljihun 'yar shara da babbar riga ai ba mu taɓa samun wannan matsala ba.

A wannan shekarar dai, ranar 13 ga Maris 1957, BBC ta buɗe sashen Hausa da shirin minti goma sha biyar, da muryar Aminu Abdullahi Malumfashi. A 1962 gwamnatin Sardauna ta kafa gidan rediyo da talabijin na Kaduna. A 1963 Jamus da Sin suka fara nasu shirin da Hausa, Muryar Amurka ta biyo a 1979, Faransa kuwa sai a 2007. Wato rediyo ya ƙanƙance daidai lokacin da Hausa ta cika sararin sama. Wannan haɗuwa ce ta sa Bahaushe ya yi suna da rediyo a kunne, har maƙwabtanmu na nan kudu suke tsokanarmu da shi.

Sai dai akwai abin da ya kamata a fahimta, domin shi ne ƙashin bayan wannan tarihi. Duk waɗannan tashoshi ta gajeren zango suke iso mu. Saƙon gajeren zango ba ya bin ƙasa. Sama yake tashi, ya bugi wani rufi na iska da ke can nesa wanda hasken rana ke cajawa, ya dawo ƙasa a wuri mai nisan dubban kilomita. Shi ya sa BBC ta kafa turakunta a tsibirin Ascension da ke tsakiyar tekun Atlantika, Jamus ta kafa nata a Kigali ta Ruwanda, Amurka kuma a Laberiya, daga baya a Sao Tome. Shi ya sa kuma a da Rediyon Kaduna a kan mita 49 yake iya isa Agege da Fatakwal da Kumasi. Da yake rufin nan yana sauyawa tsakanin dare da rana, tashar da ka kama a mita 16 ko 19 da azahar, in dare ya yi sai ka neme ta a wajen mita 31 ko 41. Tsofaffinmu ba su karanta wannan a littafi ba, amma sun san shi a yatsa. Za ka ga mai gadi da bai taɓa shiga aji ba ya san daidai inda zai tsayar da allura ga kowace tasha, ya san lokacin da zai ɗaura guntun waya a kan eriya ya rataya a ƙusa.

Rana kanta an raba ta da rediyo. Shekaru da dama, daga ƙarfe biyu na rana Jamus, uku BBC, huɗu Amurka, biyar Faransa, ana tashi daga wannan a faɗa wancan, a teburin mai shayi ko a rumfar 'yan canji, sannan a kwatanta abin da kowace ta faɗa. Mutumin da ya ji labari ɗaya daga baki huɗu a yini guda yana da wuyar ruɗi, kuma a ganinmu wannan ce makarantar siyasa mafi girma da talakan Arewa ya taɓa shiga. Rediyon Kaduna kuwa nasa daban ne, domin shi gida ne: Samanja, da Jakar Magori, da uwa uba Zaɓi Sonka. Mutum yana Shagamu ko Anacha zai sayi katin gaisuwa ya aika, ya zauna jiran ranar da za a karanta sunansa da na mutanen ƙauyensu. A lokacin da babu waya, jin sunan nan a rediyo shi ne shaidar cewa wane yana raye kuma yana lafiya.

Akwai ranakun da abin ya wuce nishaɗi. Duk juyin mulkin da aka yi a ƙasar nan ta rediyo aka fara jin sa, tun daga jawabin Nzeogwu a Kaduna ranar 15 ga Janairu 1966 har na Dimka ranar 13 ga Fabrairu 1976, ranar da aka kashe Murtala. Amma wanda ya fi taɓa mazauna kudu shi ne na safiyar 22 ga Afrilu 1990, lokacin da Manjo Gideon Orkar ya shiga gidan rediyon tarayya na Legas ya ce an cire jihohin Sakkwato da Barno da Katsina da Kano da Bauci daga Najeriya, kuma 'yan asalin jihohin su tattara su koma gida. A tuna fa, wannan magana a Legas aka yi ta, a garin da dubban mutanenmu ke da rumfuna da iyali. Kafin yamma an murƙushe yunƙurin, kuma ta rediyon aka ji hakan. Tsakanin safiya da yammar nan, wanda ke da ƙaramin rediyo shi ne aka yi wa da'ira, daga gare shi ake jiran a san ko a ɗaure kaya ko a dakata. Haka aka sake yi a rikicin 12 ga Yuni 1993, haka a duk lokacin da wata unguwa ta rikice direbobi ke son sanin hanyar da za su bi.

Daga nan sai FM ya zo. A 1992 gwamnatin Babangida ta ba da damar kafa gidajen rediyo masu zaman kansu, Raypower ya fara a Legas a 1994, Freedom a Kano a ƙarshen 2003. Murya garau, ba ƙara, ga siyasar gida da zafinta. Mutanen Kano da Kaduna sun ci riba. Mu kuwa sai muka ga wani abu: FM a miƙe yake tafiya kamar hasken tocila, da wuya ya wuce kilomita ɗari ko makamancin haka, gwargwadon tsawon turke da ƙarfin na'ura. Tashar Kano ba ta zuwa Mile 12. Abin da ya rage mana shi ne ɗan lokacin da wasu tashoshin nan, irin su Bond FM ta Legas, suke ware wa Hausa. Matafiyi ya fi kowa sanin wannan. Ka taso daga Legas, kafin ka wuce Shagamu tashar ta fara shashsheƙa, ka kama ta Badun ta raka ka zuwa Oyo, ka kama ta Ilori, daga Jebba zuwa Mokwa zuwa Tegina kuwa sau da yawa sai shuuu kawai. A wannan tsakanin gajeren zango ne kaɗai ba ya rabuwa da kai.

To ina maganar dijital? Kalmar nan abu biyu ake kira da ita, kuma masu shago ba sa bambancewa. Na farko shi ne wanda ya cika Alaba da Sabon Garin Kano: ƙaramin rediyo ɗan Sin, irin su Kchibo da Tecsun, mai nuna lambar tasha a fuska maimakon allura. Saƙon da yake kamawa shi ne dai na da, kamun ne ya zama na lamba. Ga mai tafiya wannan ci gaba ne na gaske. Rediyon allura, mota na faɗawa rami tasha ta goce. Mai lamba kuwa in ka sa shi a wuri ya zauna, kana iya adana tashoshinka ka danna maɓalli ɗaya, wasu ma suna da makulli don kada aljihu ya danna maka. Da yawansu yanzu suna da tocila da gurbin memori na karatu da wa'azi da waƙoƙin Shata, kuma suna aiki da irin batirin nan na tsohuwar Nokia da ake cajawa. Aibinsu shi ne sun fi na allura shan batir, kuma masu arhar cikinsu suna tsallake tasha mai rauni wadda yatsan tsoho zai lallaɓa ya kamo. A cikin mota kuma, jikin ƙarfe yana tare saƙo, cajar waya da fitilun zamani suna zuba ƙara, don haka kujerar taga ta fi, a zare cajar, a miƙe eriya. In da iyafis ake ji, kada a naɗe wayarsa, domin a ƙananan rediyo da wayoyi ita ce eriyar FM.

Na biyu shi ne dijital na ainihi, inda ake mayar da murya lambobi tun daga gidan rediyo. BBC ta fara irin wannan, mai suna DAB, a Ingila a 1995, kuma a can ana sayar da na aljihu. Norway ta kai ga rufe tashoshinta na ƙasa na FM a 2017. Halinsa daban ne: ko dai ka ji tas, ko ya yi ta kakkatsewa ya ɗauke gaba ɗaya, babu wannan tsaka-tsakin da muka saba, inda za ka kasa kunne ka tsinci labari daga cikin ƙara. Kuma shi ma zangonsa gajere ne kamar FM, sai an jera turaku a kan hanya. Wanda aka kawo wa irin wannan tsaraba daga Landan, a nan ɓangaren FM ɗinsa kawai zai mora.

An taɓa gwada kawo wa Afirka nata. Wani ɗan asalin Habasha, Noah Samara, ya kafa WorldSpace, aka harba tauraron AfriStar a 1998 don ya riƙa watso rediyon dijital kai tsaye daga sama. Muryar ta yi kyau ƙwarai, amma akwatin ya yi wa talaka tsada, kuma dole faifan eriyarsa ya kalli tauraron, ka shiga ƙarƙashin gada ko rumfa ya ɗauke. A 2008 kamfanin ya karye. Akwai kuma DRM, wato gajeren zango na dijital, wanda Muryar Najeriya ta samu na'urorinsa a tasharta ta Lugbe a Abuja a 2012, amma akwatin kama shi bai taɓa zama kayan kasuwa a wurinmu ba. Masu ƙirƙirar waɗannan abubuwa sun yi ta gyara murya, alhali mai sauraronmu abin da yake tambaya shi ne nawa ne, kuma batir zai kai kwana nawa.

Yau da yawanmu a waya muke jin Freedom da BBC ta intanet, kuma babu musu wannan ya dawo mana da tashoshin gida da FM ya raba mu da su. Sai dai kowane minti kuɗin data ne, kuma abu ne da ake iya kashewa daga ofis. A Satumbar 2021 an rufe layukan waya a Zamfara baki ɗaya, daga baya a sassan Katsina da Sakkwato da Kaduna, muka yi makonni ba ma jin 'yan uwa, su kuma can rediyo ne ya rage musu. A Nijar sojoji sun dakatar da RFI a Agustan 2023, BBC kuma na wata uku a Disambar 2024, abin da ya yi sauƙi domin ta tashoshin FM na cikin ƙasa ake maimaita su.

Shi kansa gajeren zangon yana ta raguwa daga can tushe. Jamus ta rufe tasharta ta Kigali a 2015. A tsakiyar Maris 2025, bayan umarnin shugaba Trump, sashen Hausa na Muryar Amurka ya yi tsit bayan shekara 46, mutane suka yi ta murɗa rediyo ƙarfe huɗu suna zaton batir ne. Masu ƙera rediyo ma sun bi sahu: da yawa daga cikin ƙananan akwatunan da ake sayarwa yanzu a tashoshin mota, masu fitilu kala-kala da babbar lasifika, FM ne kawai a cikinsu. Wanda zai saya don hanyar Arewa ya duba jikin akwatin ya ga haruffan SW, in so samu ne ya sa mai shago ya kunna masa ƙarfe uku na rana kafin ya biya.