Yadda Aka Kai ga Sarrafa Dubban Kwamfutoci Daga Kujera Ɗaya

A zamanin da kwamfuta guda ke cika ɗaki, raba manhaja bai zama abin damuwa ba. A wuri ɗaya ake ɗora ta, kowane ma'aikaci ya yi aiki da ita ta allon da ke gabansa. Fitowar ƙaramar kwamfutar IBM a 1981 ce ta wargaza wannan tsari. Kafin shekara goma, teburori da yawa a bankuna da jami'o'in Amurka da Turai sun samu nasu na'urorin, kowace da abin da ke cikinta. Jami'in da ke kula da su sai ya ɗebi faifan flofi ya riƙa bin ofis-ofis. Kafin ya gama hawa na ƙarshe, an sake fito da sabon salo na manhajar.

Masu amfani da Unix a jami'o'i ne suka fara neman mafita. A 1986 tsarin BSD na Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley ya zo da rdist, ƙaramin shiri mai kwafar fayiloli daga na'ura ɗaya zuwa sauran. A 1988 aka fito da ƙa'idar SNMP, wadda ta ba da damar tambayar na'ura halin da take ciki daga nesa. Sai Mark Burgess na Jami'ar Oslo ya rubuta CFEngine a 1993, bisa wani tunani da ya ɗore har yau: maimakon a umarci kowace kwamfuta ta yi kaza, a rubuta yanayin da ake so ta kasance, ita kuma ta riƙa duba kanta tana gyarawa. Kan wannan turba Puppet ta biyo a 2005, Ansible kuma a 2012.

A ɓangaren Windows, Microsoft ta saki Systems Management Server a 1994, ta haɗa ayyuka biyu da suka zama tagwaye tun daga lokacin: tura manhaja da ƙidayar kaya. Ƙidayar ba ta burge kowa, amma a ganina ita ce ginshiƙin. Wanda bai san na'urori nawa gare shi ba, da abin da ke cikin kowace, bai san inda zai tura gyara ba. Fargabar shekarar 2000 ta koya wa kamfanoni wannan da ƙarfin tsiya, domin dole kowa ya gano wace tsohuwar manhaja ce za ta rikice idan kwanan wata ya juya. Windows 2000 ta zo da Active Directory da Group Policy, aka samu hanyar ɗora manhaja kan rukunin na'urori a lokaci guda. Mark Russinovich kuma ya rubuta PsExec, ɗan ƙaramin shiri mai kunna umarni a kwamfutar da ke wani gini.

Abin da ya mayar da waɗannan kayan aiki wajibi shi ne shekarar 2003. Ranar 25 ga Janairu tsutsar Slammer ta kama sabobi kusan 75,000 cikin mintuna goma. Abin takaicin, Microsoft ta fitar da facin toshe kafar da tsutsar ta bi tun watanni shida kafin nan. A watan Agusta tsutsar Blaster ta maimaita darasin, ita ma bayan facinta ya yi kusan wata guda a fili. Maganin yana nan, kai shi ga mara lafiya ne ya gagara. A Oktoban wannan shekara Microsoft ta tsayar da Talata ta biyu a kowane wata don sakin faci, a 2005 kuma ta ba da WSUS kyauta domin hukumomi su raba shi a cikin gida. Masu ƙaramin ƙarfi suka rungumi OCS Inventory da GLPI, waɗanda aka ƙirƙira a Faransa kuma ba a biyan lasisinsu.

Sai dai hanyar da ke kai gyara ko'ina cikin daƙiƙa, ɓarna ma za ta iya bin ta. A Yunin 2017 tsutsar NotPetya ta shiga ta sabuntawar M.E.Doc, manhajar lissafin haraji a Ukraine, sannan ta yi amfani da PsExec da WMI, kayan aikin jami'an kansu, wajen tsallakawa daga na'ura zuwa na'ura. Kamfanin jiragen ruwa na Maersk, wanda harin ya shafa, ya sake girka sabobi 4,000 da kwamfutoci 45,000 cikin kwana goma. Mujallar Wired ta ruwaito cewa sabar da ke riƙe da rajistar masu shiga tsarin kamfanin guda ɗaya ce ta tsira, a ofishinsa na Ghana, saboda an ɗauke wuta kafin harin ya iso. Da hannu aka kawo ma'ajiyar bayananta Najeriya, daga nan wani ma'aikaci ya tashi da ita zuwa Landan.

Shekara huɗu bayan haka wasu mahara suka nufi kayan sarrafawar kai tsaye. Ranar 2 ga Yulin 2021 ƙungiyar REvil ta kutsa ta Kaseya VSA, manhajar da kamfanonin kwangila ke kula da kwamfutocin abokan cinikinsu da ita, ta tura shirin neman kuɗin fansa kamar sabuntawa ta halal. Kasuwanci har 1,500 abin ya shafa. A Sweden, shagunan Coop kimanin 800 suka rufe domin injinan karɓar kuɗi sun tsaya cik. Shi ya sa jami'in da ya san aikinsa a yau ba ya sakin sabuntawa ga kowa a tashi ɗaya. Yakan gwada a kan na'urori kaɗan, ya jira, ya duba ƙidayarsa, sannan ya faɗaɗa, sabar da ke turawar kuma ya killace ta fiye da kowace na'ura a ginin.