Aljihun da Ba Ya Zaɓe: Yadda Furotin Ɗin Ƙwari Ke Kama Sinadarai

Ƙwaro yana jin ƙamshi ne ta wasu ƙananan gasu masu huji da ke kan ƙahonninsa biyu, ɗanɗano kuma ta irinsu da ke baki da ƙafafu. Cikin kowane gashi akwai ruwa, kuma a cikin ruwan ne jijiyar da ke kai saƙo ƙwaƙwalwa take. Amma yawancin sinadaran ƙamshi masu maiƙo ne, ba sa narkewa a ruwa. To, ta yaya suke isa ga jijiya?

A 1981 Richard Vogt da Lynn Riddiford suka gano wani ƙaramin furotin a ƙahon namijin wani ƙwaro mai suna Antheraea polyphemus, wanda ke kama sinadarin da tamata ke fitarwa don kiran namiji. Irinsa aka sa wa suna OBP, wato furotin masu kama ƙamshi. A 2000 aka ga siffarsa a ƙwaron tsutsar siliki: furotin ya naɗe kansa ya bar aljihu mai maiƙo a tsakiya, sinadarin bombikol da tamata ke fitarwa na kwance a ciki. Idan ya shiga wuri mai tsami, kamar yadda ake zaton gefen jijiya yake, jelarsa kan lanƙwashe ta kutsa aljihun ta turo sinadarin waje. Daga nan aka ɗauke shi ɗan dako: ya ɗauko kaya a bakin huji, ya sauke a gaban jijiya.

Bayanin ya gamsar, amma bai cika ba. A 2016 rukunin John Carlson na Jami'ar Yale suka cire Obp28a daga ƙudan Drosophila, wato furotin ɗin da ya fi yawa a wasu gasun ƙahonsa, sai jijiyoyin suka ci gaba da amsa ƙamshi da ƙarfinsu. A ganina, an yi gaggawar jingina wa waɗannan furotin aikin tantance ƙamshi. Tantancewa ta fi rataya a kan masu karɓar saƙo da ke jikin jijiya. Shi aljihun sako-sako ne, yana riƙe duk abin da girmansa da maiƙonsa suka dace da shi, kuma wannan rashin zaɓen ne ya sa ƙwari ke morarsa a ayyuka daban-daban. A ƙafar Drosophila sechellia na tsibiran Seshel, Obp57d da Obp57e na da hannu a yadda yake jin ɗanɗanon 'ya'yan noni, waɗanda ke kashe danginsa.

Hujjar da ta fi damuna ta fito ne daga wani dangin furotin masu irin wannan aljihu, wato CSP. A ƙarshen 2019 Victoria Ingham da abokan aikinta na Makarantar Nazarin Cututtukan Ƙasashe Masu Zafi ta Libaful suka nuna cewa sauron zazzaɓin cizon sauro na Afirka ta Yamma, har da na Burkina Faso, yana tara furotin SAP2, ɗan wannan dangi, a ƙafafunsa. Ƙafa ce ke fara taɓa gidan sauro mai magani, SAP2 kuwa yana kama maganin fairetiroid da ake sa wa gidan. Da suka toshe samar da shi, sauron da a da ke jure maganin ya koma mutuwa.

Gidan sauro shi ne babbar kariyar yaranmu daga Kano har Maraɗi. Saboda haka masu sa ido kan jurewar sauro a yankinmu bai kamata su tsaya ga sinadaran da ke narkar da guba a cikin jikinsa kaɗai ba. Ya kamata su riƙa auna yawan SAP2 a ƙafafun sauron da suke kamawa.