Magungunan rage zafi bayan tiyatar cire matsarmama ta ƙananan kafofi

Tun a shekarar 1985, lokacin da likita Erich Mühe ya fara cire matsarmama ta wannan hanya a Jamus, aka rage tsaga ciki domin wannan aiki. Ana huda kafofi uku ko huɗu, a hura iskar kabon dayoksaid cikin ciki, a zura kyamara da kayan aiki. Galibi akan sallami majiyyaci a ranar ko washegari, don haka a gida yake jinyar mafi yawan zafin.

Zafin kuwa iri uku ne: na kafofin da aka huda, na can cikin ciki inda aka cire matsarmamar, sai na kafaɗar dama, wanda ya fi ba mutane mamaki. Ragowar iskar ce ke takura wa tantanin da ya raba ƙirji da ciki, sai a ji ciwon a kafaɗa. Yakan lafa cikin kwana biyu zuwa uku, kuma ɗan tattaki a tsakar gida na taimakawa. Allurar kashe zafin da aka yi a bakin kafofin takan sake bayan 'yan sa'o'i, shi ya sa daren farko kan yi wuya.

Farasitamol ne ginshiƙi. Babban mutum kan sha giram 1 duk bayan sa'a shida, kada ya wuce giram 4 a kwana ɗaya. Mai ciwon hanta, ko wanda nauyinsa bai kai kilo 50 ba, yana buƙatar ƙasa da haka. A kwanakin farko gara a sha a kan lokaci da a jira ciwo ya taso. A kuma duba kwalin maganin mura, domin da yawa na ɗauke da farasitamol, sai a zarce ƙa'ida ba a sani ba.

Likita kan ƙara ibufurofen, wanda ake sha bayan cin abinci. Bai dace da mai gyambon ciki ko ciwon ƙoda ko mai shan maganin tsinka jini ba, kuma ba a haɗa shi da dikulofenak, domin danginsu ɗaya.

Kodin da tiramadol na 'yan kwanaki ne kawai, bisa rubutun likita. Suna sa barci da tashin zuciya da taurin bayan gida, jiki kuma na sabawa da su. Kodin ma kan matse bakin bututun matsarmama ga wasu, ya haddasa ciwon ciki mai tsanani. Wanda ke shan su kada ya tuƙa mota ko babur.

Idan ciwo na ƙaruwa maimakon raguwa, ko aka ga zazzaɓi, amai ba ƙaƙƙautawa, kumburin ciki, idanu sun koma rawaya, fitsari ya yi duhu ko mugunya a bakin rauni, kada a ƙara ƙwaya. Mai yiwuwa ruwan matsarmama ne ke yoyo a ciki, ko wani dutse ya saura a bututu, ko rauni ya harbu. A koma asibiti nan take.